Ashe Ɓarawon Yana Cikin Kabad

Ku matso, ku matso 'yan uwa, a turo ƙofar nan kada yara su jiyo mu. Ke mai shigowa yanzu, ga gefen katifa nan, janye filon ki zauna, shayin bai huce ba. Yau dai sai na fasa ƙwai, tunda mu ya mu ne, kuma na san abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake kwana. Mu huɗu ne, ni da Amarya da Maman 'yan biyu da Malama. Tun zaman kullen korona na 2020, da zarar an yi isha'i, an kwantar da yara, an wanke tukunyar tuwo an kife, sai kowacce ta lallaɓa ta ɗauki wayarta, ta soka abin ji a kunne, mu haɗu a PUBG. Eh, mu ɗin nan da kuke gani da hijabi har ƙasa a gidan suna, mu ne muke dirowa daga jirgin sama muna neman bindiga a kangon gidaje. Kada wadda ta zaro mini ido, ai na taɓa leƙa wayar wasu a nan, na san abin da ke ciki, hahaha.

Daɗin abin ba ya faɗuwa, amma akwai wani takaici a cikinsa da sai wadda ta ɗanɗana. Mutum 100 ake zubarwa a tsibiri, a yi ta fafatawa har a rage 'yan tsiraru, gabanki na dukan uku-uku, tafin hannunki ya jiƙe, kin hango mutum a bayan bishiya, kin saita shi tsaf, kin danna, shiru. Ki sake dannawa, shiru. 'Yar lambar nan ta gefen allo da take koriya sai ki ga ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ja, ta haye 460 ta zauna daram. Kafin hoton ya dawo hayyacinsa kin zama akwati, wani ƙato yana tsugune a kanki yana kwashe kayan da kika sha wuyar tarawa. Wayyo Allah, ko ƙonewar miya ranar baƙi ba ta kai wannan ciwo ba.

Amarya ce ta fi mu shan wannan wahalar. Amarya muke ce mata har yau, ga 'ya'ya biyu a gabanta, sunan ya riga ya bi ta. Wani dare ita ke tuƙa mu a mota, mu huɗun duka, muna tsallaka gada, ana ta yi mana ruwan harsashi, sai motar ta tsaya cak. Muka yi tsuru. Can sai ta yi wani irin tsalle, sai ga mu tsundum a cikin ruwa. Amarya na raɗa a kunnenmu, don kada ta tashi angonta, tana rantsuwa: "Wallahi na juya sitiyari, Allah shi ne shaidata na juya!" Maman 'yan biyu ta yi dariya har ta faɗo daga gado, 'yan biyun suka farka a tare, wasan daren ya ƙare ke nan. Da safe kuwa sai ga saƙon Amarya, wai ta yi murabus daga direbanci. Allah sarki 'yar uwa.

Kun san halinmu, kan kamfanin layi muka fara sauke kwandon tsiya. Babu irin Allah-ya-isan da bai sha ba. Muka ƙara kuɗin data, muka sayi mai tsada wadda aka ce tana gudu kamar walƙiya. Maman 'yan biyu sai da ta tara layi uku tana sauya su kamar ɗankunne. Ni har wata manhaja na sauke da ta yi alkawarin ƙara wa gem sauri, ba ta tsinana mini komai ba sai talla da cin caji, kuma in kun ji tawa, kada wadda ta ɓata datarta a kan irinsu. Malama ce, da yake koyarwa ta bi mata jiki, ta ce mu daina dukan iska, mu nemo wanda ya sani. Sai na tuna da Autanmu, wanda ke gyaran waya a kasuwar Fam Santa. Tona masa asirinmu ya yi mana nauyi, amma ya muka iya?

Ya zo ranar wata Asabar da la'asar, kwamfuta a jaka, yana ta murmushin mugunta, don yau yayyensa sun shigo hannu. Sai da muka cika shi da dambun nama da zoɓo mai sanyi kafin ya buɗe baki.

"Yaya, in miya na tafasa kika aiki yaro kanti ya sayo magi, me ya dame ki, girman buhun da zai iya ɗauka ko saurin dawowarsa?"

Na ce saurin dawowa mana, me zan yi da buhu?

"To shi ne fing, wannan lambar da ke yi muku ja. Duk dannawar da kika yi, ɗan ƙunshin saƙo wayarki ke aikawa wurin uwar garke, babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, ita kuma ta maido amsa. Zuwa da dawowar ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Ku kuwa buhu kuke ta saye."

Ashe gem ɗin nan ba shi da ci, jama'a. Ko megabit ɗaya a daƙiƙa ba ya cinyewa, kallon fim ɗin Indiya mai hoto garau ya ninka shi ci nesa ba kusa ba. Abin da yake so kawai ɗan aiken ya riƙa dawowa a kan lokaci. Kuma 'yan aiken ma kala-kala ne, duk mun haife su, duk mun san su. Akwai mai nawa, kullum minti goma yake yi, shi kam kin san da shi, sai ki aike shi da wuri. Akwai wanda yanzu zai dawo a minti biyu, anjima sai ya shafe rabin awa, wannan shi ke sa mutum ya riƙa tsalle-tsalle a allo kamar mai aljanu, kuma Auta ya ce ya fi mai nawa illa. Sai gwarzon, wanda zai tafi da kuɗin ya tsaya kallon ƙwallo a layi, ba shi ba magi. Wannan shi ne ɓatan ƙunshi, shi ne harsashin da kika harba bai taɓa isa ko'ina ba. Maman 'yan biyu ta ce ita duka ukun tana da su a gida, har da na huɗu mai cinye canji. Kai, mun sha dariya ranar.

Gidan Amarya muka fara zuwa, tunda ita ce mai jinya. Auta ya ce kafin a zagi kowa sai an gano ko ciwon a cikin gida yake ko a waje, kuma ganowar ba ta cin ko sisi. Ya buɗe baƙin allon nan na kwamfuta, ya rubuta ping -t, ya bi shi da lambar rautar gidan, irin 192.168.8.1 ɗin nan ko 192.168.1.1, galibi tana manne a ƙarƙashin rautar. Wannan aike ne daga ɗaki zuwa falo kawai, bai fita ƙofar gida ba, don haka bai kamata ya wuce 'yan milisakan ƙalilan ba, biyu, uku, biyar. Sai ya buɗe wani allon a gefe ya aika zuwa 8.8.8.8, wata kwamfutar Google da ke waje. Ya ce in na farkon ne ke rawa, ɓarawon na cikin gida. In na farkon na zaune lafiya na biyun ne ke hauka, sai a duba daga rauta zuwa waje. Muka zuba wa allon farko ido daga uwar ɗakan Amarya, inda take kwanciya ta buga: 4, 7, 310, 12, sai wani layi ya ce saƙo bai dawo ba, 280, 9. Auta ya ɗago kai a hankali.

"Anti, ina rautar take?"

Amarya ta fara sosa ƙeya. Ta ja mu falo, ta buɗe kabad ɗin jerenta, can ƙasa, bayan wasu manyan kuloli da tukwanen silba da farantan tangaran, ga baiwar Allah nan a takure tana ƙifta ido. Wai muni take yi mata a falo, wayoyinta na ɓata mata tsari, shi ya sa ta ɓoye ta. Ga firji a jingine da kabad ɗin, ga madubi bango guda, ga bangon siminti biyu tsakaninta da ɗakin kwana. Ƙarfe da madubi da siminti da ruwa kuwa, duk abokan gabar waifai ne. Wata nawa muna zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa take ci! Auta ya zaro ta, ya kaɗe ƙura, ya ɗora ta a saman wata kanta a tsakiyar gida inda babu abin da ya tare ta. Muka koma ɗaki: 2, 3, 2, 2, 4. Amarya ta rufe fuska da mayafi, mu kuwa muka zube a kan kafet, Malama da ba ta cika dariya ba har da hawaye. Wayyo cikina.

A nan ne muka san ashe sunaye biyun da rauta ke nunawa ba ado ba ne. Ɗaya na tafiya a kan zangon 2.4, ɗayan a kan 5. Na 2.4 ya fi ratsa bango da zuwa nesa, amma kasuwa ce, kowa na ciki: rautar maƙwabta, abin jin Bluetooth, har maikurowef in ana ɗumama abinci a nan yake hayaniyarsa. Na 5 ya fi sarari da natsuwa, sai dai ba ya son nisa, ba ya son bango. Kuma kada a rikita shi da 5G na layin waya, wanda ya shigo Najeriya a 2022, suna ne kawai ya zo ɗaya. In kina kusa da rauta, ki hau na 5. In dole sai na 2.4, Auta ya ce a shiga saitin a zaɓi hanya ta 1, ko ta 6, ko ta 11, su ne ba sa taka ƙafar juna. Ni dai abin da na riƙe: ɗauki filonki ki matsa kusa da ita, shi ke nan.

Na Maman 'yan biyu ya fi ba mu wuya, don da rana komai nata lafiya lau, rauta a sarari, aiken cikin gida na dawowa a kan kari. Sai dare ya yi abin ya tashi. Auta ya koma wani dare da yardar maigidanta, ya zauna a falo yana kallon allo. Wajen ƙarfe goma, lambar waje ta tashi daga ƙasa ta haura ɗaruruwa, ta ƙi saukowa. Ya ce waye ke ɗora abu yanzu? Aka bi ɗaki-ɗaki, sai ga ƙanwar miji a kwance tana zuba bidiyon kamu da na dina a sitatus, guda wajen goma, ga wayar maigida a caji tana kwashe hotunan yini tana ɗorawa can ma'ajiyarta ba tare da ta yi sallama da kowa ba.

Kun tuna layin niƙa ranar jajiberin salla? Kin zo da 'yar robar kayan miyarki, tattasai da tumatir da attaruhu, markaɗen minti ɗaya, sai ki tarar da mai buhun masara a gabanki, bayanta mai buhun gero. Injin lafiyarsa ƙalau, gudu yake, amma ke sai kin jira. Haka rauta take yi: ƙofar fita ta fi ta shigowa ƙunci, in bidiyo ya cika ta sai ta jera komai a layi, ɗan ƙunshin harbinki ya tsaya a bayan buhunan dina. Abin har suna gare shi, wani injiniyan Amurka, Jim Gettys, ya raɗa masa a 2010, wai bafabulot. Maman 'yan biyu ta ce wannan ai sunan maganin kumburin ciki ne, Auta ya ce ba ta yi nisa ba, don kumburin ne dai. Wasu rautocin suna da saitin da ake kira QoS, wanda ke cewa mai 'yar roba ta wuce gaba. Tata ba ta da shi, sai aka koma sulhun gida: aka kashe ɗora hotuna na kai-da-kai, ita kuma ƙanwar miji aka yi yarjejeniya, sitatus kafin isha'i ko bayan sha biyu. Farashin yarjejeniyar kuwa turmin atamfa ne, kuma yanzu ta san sirrinmu, kullum sai ta tambayi yayarta mutum nawa ta kashe jiya. Mun shiga uku, hahaha.

Nawa kuma kunya ce ke sa na bar shi sai yanzu. Ni ba sarƙewa nake ba, ɓacewa nake ɗungurungum, a neme ni a rasa. Dalili na farko kowa ya san shi: a ɗauke wuta, kafin a tada inji rauta ta mutu, ta farfaɗo, ta yi minti ɗaya ko biyu tana neman sabis, ni kuwa tuni an yi jana'izata. Ɗan batirin rauta ya raba wannan gardama, ƙarami ne kamar sabulun wanki, yana riƙe ta ko an ɗauke. Na biyu, 'yar maifai ɗin da nake komawa kanta, a ƙarƙashin filo nake cusa ta don kada haskenta ya tona ni, tana caji, a zafin Afrilun Kano da yake haura digiri 40. Auta ya taɓa ta ya yarfe hannu, ya ce Yaya wannan ai wainar ƙwai za ta soya, na'ura in ta yi zafi rage gudu take ko ta kashe kanta, kuma batirin na iya kumbura. Na uku shi ne ban taɓa kawowa a raina ba. In da datar layina nake bugawa kira ya shigo, wayar sai ta sauka daga 4G ta koma 3G don ta amsa, wasan ya tsinke, sai fa in waya da layin suna da abin da ake kira VoLTE kuma an kunna shi. Kuma wa ke kirana ƙarfe sha ɗayan dare? Hajiyarmu, tana tambaya ko na shafa wa yara addu'a. Ita kam ba a kashe mata kira, gara na zama akwati sau ɗari.

Maigidana yana jin duk wannan daga falo, yana yi kamar ba ya ji, alhali shi ma ƙwallonsa na sarƙewa. FIFA yake ce mata har gobe, ko da yake tun 2023 sunan ya koma EA Sports FC. Shi maganinsa bai ɗauki minti goma ba: Auta ya ja kebul daga rauta zuwa bayan PlayStation ɗin, irin Cat6 ɗin nan da ke kai mita 100 ba tare da ya gaji ba, ya ce duk abin da ba ya yawo a gida, a ba shi waya a huta. Ya kunna masa saitin wasa a talabijin, don wani jinkirin ma na talabijin ne, babu ruwan intanet. Ya kuma cire wata tsohuwar rauta da aka jona a kan sabuwa, ya ce ƙofa biyu a jere na cikin abin da ke sa abokai su kasa haɗuwa da kai. Yanzu in an ci shi, babu wanda zai ɗora wa laifi, kuma ana cin sa, 'yan uwa, ana cin sa.

Saura Malama, baiwar Allah, wadda ta yi komai daidai. Rautarta a sama, a inuwa, da batirinta, babu mai ɗora bidiyo. Aiken cikin gida 2, 2, 2, kamar agogo. Amma da magariba ta yi lambar waje sai ta ɗan ɗaga, don unguwa duka ta dawo gida ta hau ƙarfen sabis guda. Ta gwada kai rautar bakin tagar da ke kallon ƙarfen, ta ɗan samu sauƙi. Sauran kuwa na nisa ne. Da yawa daga cikin uwayen garken wasannin nan a Turai suke, ko Gabas ta Tsakiya, ko Afirka ta Kudu, kuma ɗan aikenmu a ƙarƙashin teku yake bi. Auta ya ɗauki biro ya yi mana lissafi a bayan kwalin shayi: haske a cikin igiyar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000, igiyar MainOne da ta fara aiki a 2010 daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000. Zuwa da dawowa 16,000 ke nan, milisakan 80, tun kafin a ƙarasa Jamus ko Ingila, tun kafin a tsaya a ko wace mararraba. Yaron da ke Faransa yana ganinki kafin ki gan shi, ba don ya fi ki ido ba. Malama ta yi ajiyar zuciya ta ce to, ashe wani jinkirin gado ne.

Kuma mun ga ranar tekun da idonmu. Kun tuna Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi bai fi kwana huɗu ba, da intanet ta rikice a Afirka ta Yamma, har tura kuɗi a banki ya gagara? Igiyoyi huɗu ne suka lalace a teku daura da Kodebuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Mu da muka yi alkawarin ajiye gem sai bayan salla, sai ga kowacce tana tambayar 'yar uwarta a ɓoye ko nata ma ya ƙi shiga. Malama ta ce to ya aka yi kuka sani, in ba gwadawa kuka yi ba? Aka yi shiru. Sai Amarya ta ce ke fa, ya aka yi kika san abin da muke nufi? Hahaha, Allah Ya yafe mana.

Yanzu burin Malama Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Taurarinsa suna shawagi a wajen kilomita 550 daga ƙasa, ba kamar na da ba da ke can kilomita 35,786, waɗanda fing ɗinsu kan kai 600. Ta ce ɗaukar adashinta na gaba can za ta, in maigida ya yarda a kafa faranti a kan rufi, kuma in ta samo abin da za ta gaya wa surukarta. Mun ba ta shawara ta ce na binciken makaranta ne, tunda ai ba ƙarya ba ne duka.

Amarya ta janye murabus ɗinta, ita ke tuƙa mu har yau, kuma tun daga ranar ba mu sake faɗawa ruwa ba sai sau ɗaya, wannan kuwa ta amsa da bakinta cewa gyangyaɗi ne. Maman 'yan biyu za ta tafi wankan jego gida wata mai zuwa, kujera ɗaya za ta zama babu kowa a motar. Ke da kike ta murmushi tun ɗazu kina wasa da gefen mayafi, ƙarfe goma muke hawa. Ki fara leƙa kabad ɗinki kafin ki zo.